Tafiyar Armiya'u Jos da Saƙon Inna

Duk Kaura Namoda babu wanda ya san duniya kamar Armiya'u Mai-kwamfuta, kuma duk Kaura Namoda babu wanda ya kai shi zaman wuri ɗaya. Ni maƙwabcinsa ne tun muna yara, don haka na san iyakar tafiyarsa: Gusau, sau biyu, kuma duka biyun da leda a baki ya je ya dawo, don mota na tashi cikinsa ke juyawa. Amma zo ka zauna a majalisarmu ta bakin titi, gaban shagonsa, ka ji ikon Allah. Zai gaya maka kwanar da ake sha a shiga kasuwar gwal ta Dubai, da otal ɗin da ya fi iya gasa kifi a Zanzibar, har ya gargaɗe ka kada ka hau jirgin ƙasan Indiya da safe saboda cunkoso. Duk a kwamfutar shagonsa ya gano su. Aikinsa wanke hoto da buga katin biki, in babu ciniki kuwa sai ya wuni yana kallon bidiyon masu yawon duniya, yana gyaɗa kai kamar tare suka je.

Shekara da shekaru muna sauraronsa, don ba mu da wanda ya fi shi. Sai Shamsu ya sayi babbar waya. Shamsu direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Shinkafi ya kai Jos, ya dawo da dankalin turawa. Da wayar ta shiga hannunsa sai ya fara nuna tafiyarsa kai tsaye a intanet: ga lodi, ga hanya, ga inda ya tsaya cin tuwo. Bai iya tsara magana ba, kuma rabin bidiyon hancinsa ake gani, amma dai yana inda ya ce yana. Kafin wata biyu majalisa ta koma leƙen wayar juna ana kallon Shamsu, Armiya'u na gefe yana ba benci labarin Turkiyya. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ran wata Juma'a da la'asar Shamsu na gari, aka shiga hirar Jos. Nan da nan Armiya'u ya karɓe zancen.

"Jos? Ai na san ta kamar yunwar cikina. Da asuba sanyinta kan kai digiri goma sha biyu."

Shamsu ya ce, "Wanga lissahi ne, Malam. A jiki ƙaƙa yake? Kunne yake hwara kamawa ko yatsu?"

"Ya danganta."

"Da mi?"

"Da... da mutum."

Majalisa ta fashe da dariya, har mai shayi ya zubar da madara. Armiya'u ya miƙe tsaye, ya gyara hula.

"To ku ji. Litinin za ni Jos. Ba dakon albasa za ni ba kamar wasu, yawon buɗe ido za ni, irin na wayayyu. Kwana ukku. Kowa shi buɗe wayarshi shi sha kallo."

Kafin magariba ya sa hoton jakarsa a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: Jos, ga ni nan zuwa.

Sai daga baya muka ji ainihin shirin, rabi daga bakinsa, rabi daga bakin waɗanda suka sha wahalarsa. Ko kusa ba shi da niyyar zuwa Jos. Badarawa zai je, can kan hanyar Shinkafi, ya ɓuya kwana uku gidan ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Bilkisu. Hotuna ya riga ya haɗa su a kwamfuta, ga shi kan dutse, ga shi gaban kejin zaki, ga shi yana rungume da kabeji. Don bidiyo kuma ya buga wani ƙaton ƙyalle mai hoton duwatsun Jos, ya naɗe a ƙasan jaka tare da rigar sanyi ta gwanjo. A ganinsa babu ta inda ruwa zai shiga shirin nan. Abin da ya manta shi ne, masu yawon da yake kallo ba su da maƙwabta irin na Kaura.

Ran Asabar tun da hantsi aka fara sallama a gidansa.

"Mun ji za ka Jos. Wa yar rasu?"

"Ba kowa."

"Sari za ka yo?"

"A'a, yawo kawai, shan iska."

"Af, ashe hannunka sake yake! To ga wanga ƙullin daddawa, ka miƙa ma ɗiyar yayata."

A wurinmu wanda zai yi tafiya ba gaira ba dalili motar saƙo ce da Allah ya kawo. Waɗannan dai ya yi ta zillewa, ya ce wa wannan jakarsa ta cika, ya ce wa wancan ba ta unguwarsu zai bi ba. Amma ran Lahadi da safe mashin ya tsaya ƙofar gidan, aka sauke wadda ba a zille mata: Inna Mariya, surukarsa, tun daga Zurmi. Autarta Zulaihat, wadda ke aure a Jos, ta haihu jiya Asabar. Matar Armiya'u, Saliha, ita ce ta buga wa uwar waya da murna cewa ga mai zuwa Jos a gida, don ita ma bai gaya mata gaskiya ba.

Armiya'u ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa nesa da tabarma, ya sunkuyar da kai. Aka jera kaya a gabansa: rabin buhun gero, kanwa, galan na man shanu, ƙullin yajin jego, da zabbi biyu an ɗaure musu ƙafa.

Inna ta ce, "Allah ya kawo tahiyar ga taka kan gaɓa, Baban Mubaraka. Ƙahwata ba ta barina zaman mota mai nisa, matarka kuwa ga yadda take, ko yau ko gobe. Asabar za a yi suna. Yajin ga da hannuna nid daka shi, don Zulaihat ba ta cin na kowa. Direbobi na nan birjik, amma ni hannunka niy yarda da shi."

Ya kamata in faɗi wani abu game da matar nan. Lokacin da Armiya'u ke neman Saliha, yayyenta maza duka sun ƙi, suka ce baki ne kawai da shi. Inna ce ta tsaya kai da fata, ta ce surutu ba laifi ba ne, ita ta ga amana a yaron. Duk duniya ita kaɗai ce ke ɗaukar maganarsa yadda ya faɗe ta, kuma ya san haka. Mutumin da ke iya yin awa biyu yana bayanin Dubai bai samu abin cewa ba sai, "To, Inna. In sha Allahu, Inna."

Ran Litinin muka ƙara masa wata. Mu shida muka raka shi tasha, muka ɗaure masa kayan a motar Gusau, muka zaunar da shi kusa da taga, muka tsaya har motar ta tashi muna ɗaga hannu. Ko gidan mai na ƙarshen gari ba a wuce ba ya fara bubbuga ƙofa, wai ya tuna bai kashe injin shago ba. Direba ya kwance lodi yana faɗa, fasinja na tsaki, aka watso masa gero da zabbi a bakin hanya. Ya tari ɗan kabu-kabu, suka zagaye Kaura ta cikin gonaki, galan a cinyarsa, zabbi rataye a wuyan mashin suna shelar tafiyar ga duk wanda ke da kunne.

Gwaggo Bilkisu ta dube shi, ta dubi kayan.

"Saliha ta kore ka?"

"A'a Gwaggo, hutawa niz zo yi. Don Allah kak ki hwaɗa ma kowa ina nan."

"Wa zan hwaɗa mawa? Ni da ba ni hita."

Ta cika alkawari, ba ta gaya wa kowa ba sai matar Maigari. Kafin la'asar rabin Badarawa sun zo yi masa sannu da zuwa, an kawo fura kwano huɗu.

Ran Talata da rana tsaka ya fara aiki. Lokacin bazara ne, irin zafin da kaza ke buɗe baki a inuwa. Ya zagaya bayan rumbu, ya rataya ƙyallen duwatsu, ya sa rigar sanyi ya ja zif har wuya, ya ƙara hular ulu, ya jingina waya da turmi. Sannan ya fara karkarwa da gangan.

"Jama'a, ga ni a Jos! Wallahi sanyi kamar shi kashe ni. Ku dubi duwatsu, ikon Allah..."

Zabbi suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Ya tsaya, ya jefe su da ɓawon gyaɗa, ya sake daga farko. Ya kai "ikon Allah" suka sake ɗauka. Yana cikin karo na biyar, haƙora na haɗuwa, zufa na zuba ta ƙarƙashin hula, Gwaggo ta zagayo ɗiban dawa. Ta saki ƙwarya.

"Innalillahi! Masassara! Shi ya sa yac ce hutawa!"

"Gwaggo lahiyata lau, aiki nikai..."

"Mai lahiya ke sa bargo ana wagga rana? Ga shi har ya hwara magana shi kaɗai! Rashida! Sa'ida! Ku ɗora ruwa!"

Maƙwabta mata suka fito kamar dama jira suke. Kafin ya kwance zif an tafasa ganyen dogon yaro, an zaunar da shi gaban tukunya, an lulluɓe shi da bargo biyu, tsofaffi uku sun danne gefe-gefe. Yana ihu daga ciki cewa bidiyo yake ɗauka, Gwaggo na cewa a ƙara dannewa, ciwon ne ke magana. Da aka buɗe shi ya fito jajir, aka bi shi da kofi guda na ruwan ganyen, aka tsaya a kansa har ya shanye. Yana wannan hali akuyar gidan ta samu sarari ta cinye gindin dutse ɗaya.

Duk da haka bai haƙura ba. Badarawa wuri ɗaya sabis ke kamawa sosai a lokacin, wani tudu bayan gari, nan ya lallaɓa da yamma ya tura bidiyon. Mu a Kaura muka gani, kuma in faɗi gaskiya mun yaba. Duwatsun sun yi kyau. Mutane suka yi ta turo masa gaisuwa da addu'a, har da waɗanda bai sani ba. Shamsu kaɗai ya rubuta: Sanyin Jos da zufa? Armiya'u ya amsa: Raɓa ce. Wani ya rubuta: Kamar kukan zabbi nake ji. Armiya'u, da daɗin yabo ya ɗebe shi, ya amsa: Na surukata ne, tare muke yawo.

Ko minti biyar ba a yi ba waya ta yi ƙara. Hafiz ne, mijin Zulaihat.

"Yaya! Ashe ka shigo tun jiya ba ka neme mu ba? Dutsen nan da kake tsaye ai bayan unguwarmu yake. Kada ka motsa, ga ni nan a mashin."

"A'a, a'a, yanzun ga nib bar wurin. Ina... ina gidan namun daji."

"To tsaya a bakin ƙofa."

Bayan rabin awa Hafiz ya sake kira, yana bakin ƙofa, masu gadi sun ce ba su ga mai zabbi ba. Armiya'u ya ce ai ya wuce kasuwa. Hafiz ya tafi kasuwa. Ran Laraba ma haka aka wuni, Armiya'u na tsugune kan tudun Badarawa yana tura hotuna, bawan Allah na zagaye Jos yana bin sawunsa, kullum ya makara da minti goma. Daga ƙarshe muryar Hafiz ta canja.

"Yaya, in wani laifi muka yi maka ka faɗa. Mai jego tun jiya take tambayar yajin Inna, ta ƙi cin na maƙwabta. Ɗazu har kuka ta yi."

Armiya'u ya ce sabis na yankewa, ya kashe. Wayar ta sake ƙara, ya duba, Inna ce. Da faɗa ta yi masa da ya ji sauƙi. Ba ta yi ba.

"Baban Mubaraka, an ce ba ka samu gidan ba. Baƙon wuri haka yake. Kak ka wahal da kanka, ka ci abinci, ka rufe ƙirjinka saboda sanyi. Ni na san saƙona na hannu mai kyau."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya ji gara a mayar da shi ƙarƙashin bargon Gwaggo. Amma Armiya'u ne, kunyar ba ta kai shi ga faɗin gaskiya ba, sai ta haifar masa da sabuwar dabara. Gobe Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, ba za a rasa motar Jos ba. Zai ba da saƙon a kai, ya ce wa Hafiz ya aiko yaron mota da shi don shi yawo ya yi masa yawa. Saƙo ya isa, suna ya yi kyau, shi kuma ya dawo Kaura da girmansa.

Matsala ɗaya, rabin 'yan Kaura na cin kasuwar Shinkafi. Don haka ya buɗe akwatin marigayi mijin Gwaggo, ya ɗauki rawani ya naɗe kai da fuska har hanci, ya ƙara baƙin tabarau. Ya bar rigar sanyi da waya a ɗaka, kada kiran Hafiz ya tona shi cikin mutane. Gwaggo ta bi shi da kallo har ƙofa, ta ce wa Rashida da alama ciwon ya hau kai.

A tashar manyan motoci ɗan kamasho ya dube shi sama da ƙasa.

"Motar Jos ɗaya ce yau, ga ta can ana ƙarasa lodi. Amma Malam, mu nan ba mu amsar saƙo sai an kira mai shi ya ce ya san da zuwanshi. Kuma zamanin ga, mutum shi zo muna da huska ruhe? Kawo lambar."

Armiya'u ya shaƙe murya ya ce mura yake yi, ya miƙa takardar da Saliha ta rubuta lambar Hafiz. Ɗan kamasho ya buga, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, kamar yadda suka saba don kada a yi musu daga baya.

"Salamu alaikum, daga tashar Shinkahi ne. Akwai saƙonka: gero, kanwa, man shanu, ƙulli guda, da zabbi biyu."

Sai muryar Hafiz ta fito da ƙarfi.

"Shinkafi? Waɗannan kayan ai suna hannun yayanmu Armiya'u, kuma yana nan Jos tun Litinin! Tun safe wayarsa ba a ɗauka! Wa ya kawo muku su? Ku riƙe shi! Don Allah ku riƙe shi!"

Kafin Armiya'u ya ɗaga ƙafa an riƙe shi ta wuri shida. Masu lodi suka diro daga mota, masu rake suka taso da sandunansu, mata masu fura suka ja baya suna salati. Daidai nan direban motar ya ratso taron da waya a sama, yana cewa, "Jama'a ga mu kasuwar Shinkahi kai tsaye, ga alama an kama wani..." Shamsu ne. Mu kuwa muna majalisa a Kaura, mu tara kan waya ɗaya, muna kallo.

Armiya'u ya ga sanda ta tashi sama. Da hannunsa ya fizge rawanin, ya yar da tabarau.

"Ni ne! Wallahi ni ne Armiya'un!"

Wani ɗan Kaura mai sayar da buhu ya matso ya leƙa fuskarsa, ya ciro waya ya duba.

"Kama dai akwai. Amma Armiya'u na Jos, ga shi nan jiya gaban zaki."

"Haɗi ne! Ni nih haɗa shi!"

"Ga shi kan dutse."

"Ƙyalle ne! Yana Badarawa, akuya ta ci gindinshi!"

Shamsu ya gane shi tun faɗuwar rawani, mun gane haka don mun ji dariya na neman ƙwace masa. Amma ya daure, ya gyara murya.

"Ni dai Armiya'un da nis sani wayayye ne, yana can yana shan raɓa. Wanga ban san shi ba."

"Shamsu, don girman Allah!"

"To hwaɗa ma jama'a, ka taɓa zuwa Jos?"

"Ban taɓa ba."

"Ɗaga murya, masu rake ba su ji ba."

"Ban taɓa zuwa Jos ba! Ban taɓa wuce Gusau ba! Amai nikai a mota!"

Kasuwa ta ɗauki dariya, sanduna suka sauka. A majalisarmu mai shayi ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Wayar ɗan kamasho kuwa har lokacin a buɗe take, Hafiz na ji. Abin da kawai ya ce shi ne, "Kwana biyu ina zagaye gari," ya kashe.

Nan bidiyon ya yanke, sauran Shamsu ne ya ba mu. Ya ce da ya sa wayar a aljihu ya ga Armiya'u tsugune yana tattara ƙullin yajin da aka tattaka, yana kakkaɓe shi da rawani, sai dariyar ta tsaya masa.

Armiya'u ya ce, "Ka kai musu, don Allah. Jibi suna."

Shamsu ya ce, "Ba ni anka ba ba. Duk Kaura an ji tsohuwar ga hannunka tac ce. Gaba ya cika, sai saman albasa. Hau."

Hanyar Jos daga Shinkafi ta tsakiyar Kaura ta bi, kuma ta gaban shagon Armiya'u. Da la'asar muka ji hon tun daga nesa. Duk unguwa ta fito. Shamsu ya rage gudu har mai tafiya a ƙasa zai iya wuce shi, ga Armiya'u can ƙoli kan buhuna, zabuwa ɗaya a kowace hammata, fuskarsa ta riga ta canja launi. Muka miƙe tsaye muka yi masa rakiya ta biyu. Masu saƙon da ya zille wa ran Asabar suka yi ta jefa masa ƙullinsu sama, har daddawar ɗiyar yaya. Saliha ba ta fito ba. Ta dai aiko mini da abu a ƙunshe ta ce in jefa masa, babu wata magana. Da ya kwance muka ga ledoji ne, sababbi, guda ashirin.

Sun isa ran Juma'a. Shamsu ya ce ledojin ba su kai Zariya ba. Da suka hau tudun Jos da asuba kuwa, sanyin gaske ya same shi daga shi sai 'yar shara, rigar sanyin na Badarawa. Shamsu ya leƙo ya tambaye shi ko kunne ne ko yatsu, ya ce duka. Amma saƙo ya shiga hannun mai shi kwana ɗaya kafin suna, ba abin da ya ɓata sai man shanun da ya ragu da kwata, shi ma a wandonsa yake.

Ran Litinin ya dawo majalisa, ya rame, muryarsa ta dushe. Ya ce wallahi ya ga Jos, ya miƙo hoton da Hafiz ya ɗauke shi ran suna. Muka karɓa muka zagaya da shi. Wani mutum ne firgai-firgai tsaye gaban wani bango, ido ja, ba dutse ba zaki.

Mai shayi ya ce, "Wanga haɗin bai yi ba. Na farko sun hi kyau."

"Wanga na gaske ne! Ku tambayi Shamsu!"

Shamsu ya kurɓi shayi. "Ni dai na sauke albasa da zabbi. Sauran kaya ban duba ba."

Mun yi dariya, amma shi bai tsaya jayayya ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ya ja ni gefe ya ce in kai shi Zurmi a mashin ɗina, Zulaihat ta ba shi saƙo wurin Inna, kuma ba zai iya shiga gidan shi kaɗai ba. Duk Zurmi an ga bidiyon kasuwa, yayyen Saliha har tura wa juna suke.

Na tsaya daga bakin ƙofa. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa fiye da yadda ya saba, ya tura ƙunshin gabanta. Inna ba ta dube shi ba. Ta kwance ƙunshin a hankali, ta fitar da atamfa da naman suna, ta jera su, ta bar shi durƙushe har na fara jin ciwon gwiwa a madadinsa. Ya buɗe baki zai fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Ka ɗauke shi?"

"Na'am, Inna?"

"Jaririn. An turo man hoto ya hi ashirin, duk barci yakai. Ka ɗauke shi da hannunka?"

"Na ɗauke shi, Inna."

"To hwaɗa man."

Sai Armiya'u ya fara. Ya ce yaron ya fi yadda ake gani nauyi, duk nauyin a kai yake. Ya ce yana da wata 'yar gira da ke ɗagawa in an yi magana kusa da shi, irin ta Inna in ba ta yarda da zance ba. Ya ce kukansa ba ƙara gare shi ba, sai naci. Ya ce da Zulaihat ta kwance ƙullin yajin ta shinshina, sai ta juya wa mutane baya ta daɗe a haka, sannan ta ce a zubo mata tuwo, ta cinye malmala uku. Ya kwatanta ɗakin, da inda gadon yake, da maƙwabciyar da ke dafa mata ruwan wanka. Inna na saurare tana goge ido da gefen mayafi, in ya tsaya ta ce, "Sai mi kuma?" Ni da na sha labaransa shekara talatin, ban taɓa jin wanda ya kai wannan daɗi ba.

Da ya gama ta ce, "Abin da kay yi ka ba ni kunya cikin mutane, ba zan ɓoye maka ba."

"Na sani, Inna."

"Ran arba'in za ni in gan shi, ko ƙahwar ta so ko ta ƙi. Yayyen Saliha sun ce su za su kai ni." Ta naɗe atamfar ta ajiye a gefe. "Na ce musu su zauna, ina da wanda ya san hanya."

Armiya'u ya miƙe, ya fito ya sa takalminsa. Muka hau mashin, muka kama hanyar Kaura.